Argo Frontier da Max IV: wace ce za ta iya da fadamar Rima?

Mai karatu, wataƙila kai ma ka taɓa cin karo da bidiyon nan da ke yawo a waya idan damina ta yi nisa. Wata 'yar mota ce marar rufi, mai taya shida. Ta keto taɓo, ta gangara cikin tafki, sai ga ta tana iyo kamar agwagwa, ta haye tsallake ta ci gaba da tafiyarta. Duk wanda ruwa ya taɓa yanke wa garinsu hanya, idan ya ga wannan sai ya ce, "Kai, ina ma a ce muna da irinta!"

A gabashin Sakkwato wannan fata yana da dalili. A watan Satumban 2010 ruwa ya ci ƙarfin mafitar gaggawa ta Madatsar Goronyo, ya malale ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, har ya kai Sakkwato ya yanke gadar da ake bi zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ranar Lahadi 17 ga Agustan 2025 kuma wani kwalekwale ɗauke da mutane sama da 50 ya kife a hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo, kuma a rahotonta na farko hukumar NEMA ta ce ana neman fiye da mutum 40. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mutumin Kwargaba a ƙasar Wurno, ko na ƙauyukan Rabah da Goronyo, ya san yadda hanyar da babur ke bi da rani take komawa laka da ruwa daga Agusta zuwa Satumba, ga mai naƙuda tana jiran a kai ta asibiti.

Don haka yau mun ɗauko biyu daga cikin sanannun motocin nan, Argo Frontier mai taya shida da Max IV, za mu sauke su a zuci a bakin fadamar Rima mu ga abin da kimiyya za ta ce game da kowacce. Masu talla suna cewa babu inda ba sa shiga. Bari mu auna maganar.

Daga ina suka fito?

Irin waɗannan motoci sun soma bayyana ne a Kanada a farkon shekarun 1960, ƙasar da ke cike da tafkuna da dausayi da ƙanƙara. Mafarauta da masu aikin daji ne suka fi buƙatarsu. Wani kamfani mai ƙera giyoyi, Ontario Drive & Gear, da ke garin New Hamburg a lardin Ontariyo, ya fara ne da yi wa wata motar mai suna Amphicat giya, sannan a 1967 ya fito da tasa, ya sa mata suna Argo. Ita kuwa Max kamfanin Recreatives Industries ne ya soma ƙera ta a birnin Buffalo na jihar New York a Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1960. A lokacin kamfanoni da yawa sun shiga kasuwar, amma bayan Honda ta fito da babur ɗinta mai taya uku a 1970, mai araha da sauƙin gyara, yawancinsu suka rufe. Argo da Max suna cikin 'yan kaɗan da suka tsira.

Ka riƙe wannan tarihin, domin zai yi mana amfani a gaba. An ƙera su ne don tafki mai ruwa kwance da yanayi mai sanyi, don mutum biyu ko huɗu da 'yan kayansu.

Abin da suka haɗa

Idan ka tsaya daga nesa, da kyar za ka bambanta su. Kowacce gangar jikinta kamar babban baho ne na roba mai tauri, an huda gefe da gefe wurare shida inda sandunan tayoyi suke fitowa. Injinsu na fetur ne mai silinda biyu, yawanci ƙirar Briggs & Stratton ko Kohler, mai ƙarfin doki daga 16 zuwa sama da 20 kaɗan. Daga injin, wani bel ɗin roba da ke tsakanin faya-fayai biyu masu matsewa da buɗewa shi ke sauya giya da kansa, sannan sarƙoƙi irin na babur, amma masu kauri, su kai ƙarfin ga tayoyi. Babu sifirin, babu shokazoba. Tayoyin su ne katifar, in kuwa ka yi gudu a kan gargada, ƙugunka zai ba ka labari.

Me ya sa ba sa nutsewa? Dokar da ke ɗaukar kwalekwale ita ke ɗaukar su, wadda aka sani tun zamanin Akimidis na ƙasar Girka sama da shekara 2,000 da suka wuce: abu yana iyo ne idan ya ture ruwan da nauyinsa ya kai nasa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. To, idan mota tana da nauyin kilo 400, aka ɗora mata mutane da kaya na kilo 200, dole gangar jikinta da tayoyinta su shige ruwa har su ture lita 600. Gwada a gida: sa robar wanki a cikin babban baho, ka riƙa jefa mata duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga bakinta yana matsowa kusa da ruwa. Tazarar nan da ta rage tsakanin bakin roba da saman ruwa ita ce ajiyar ranka, kuma a waɗannan motoci ba ta da yawa.

Me ya sa kuma ba sa lumewa a taɓo kamar babur? Sirrin yana cikin iskar taya. Mai faci yakan sa wa tayar mota iska 30 zuwa 35 a ma'auninsa. Tayoyin Argo da Max ba sa wuce 5, sau da yawa ma ƙasa da haka. Taya mai laushi takan baje a ƙasa kamar tafin raƙumi. Mu yi lissafi na misali: kilo 600 a kan tayoyi shida, kowacce ta taɓa ƙasa da faɗin murabba'in santimita 400, ya zama kashi ɗaya cikin huɗu na kilo ne kawai ke danna kowane murabba'in santimita. Mutum mai kilo 70 da ya ɗaga ƙafa ɗaya yana tafiya ya fi haka danna ƙasa. Tayar babur kuwa tana dannawa da wajen kilo 2. Shi ya sa inda babur zai kafe, waɗannan sai su wuce.

Har nan dai kunnen doki suka yi. Bambancin yana ɓoye a ciki, inda bidiyo ba ya nunawa.

Yadda kowacce ke raba ƙarfi

Tayoyin waɗannan motoci ba sa karkata dama ko hagu. Suna juyawa ne kamar katafila ko tankar yaƙi: a tsayar da tayoyi uku na ɓangare ɗaya, uku na ɗaya ɓangaren su ci gaba, sai motar ta murɗa. Amma hanyar da kowacce ke bi ta yi wannan ta sha bamban.

Argo Frontier, a ƙirarta da aka fi sani, tana da na'urar raba ƙarfi irin wadda ke tsakanin tayoyin baya na motar hawa, wadda injiniyoyi ke kira difaranshal. Aikinta shi ne ta bar ɓangare ɗaya ya fi ɗaya sauri. Idan ka karkata sitiyarin Argo, wanda yake kamar kan babur, birki ne kake kamawa a ɓangare ɗaya, sai na'urar ta tura juyin zuwa ɗaya ɓangaren. Tuƙin yana da sauƙin koyo, duk ɗan acaɓa zai gane shi cikin ɗan lokaci.

Sai dai ka tuna motar da ta kafe a caɓi, taya ɗaya tana ta wulwulawa tana watsa laka, ɗayar kuma tana tsaye ƙyam a kan busasshiyar ƙasa. Halin difaranshal ke nan. Ba ta iya ba ɓangaren da ke da kamu ƙarfin da ya wuce abin da ɓangaren da ke santsi yake iya riƙewa. A Argo ma haka ne: idan tayoyin hagu suka faɗa laka mai santsi, na dama suna kan tudu, juyin zai gudu hagu. Gwanin direba yakan ɗan taɓa birkin ɓangaren da ke wulwulawa don ya tilasta ƙarfin ya koma inda ake buƙata, amma wannan sai da hannu ya faɗa. Ga kuma wata matsalar: duk kwanar da ka sha, injin yana kokawa da birki ne, ƙarfin da aka ɓata yana komawa zafi. Shi ya sa ake sa wa wasunsu fanka ta musamman don sanyaya birki.

Max IV tana amfani da wata giya daban mai suna T-20, wadda kamfanin Borg-Warner ya fara ƙerawa. A taƙaice giyoyi biyu ne a akwati ɗaya, ɗaya na hagu, ɗaya na dama. Direba yana riƙe da sanduna biyu. Muddin suna gaba, duka tayoyi shida suna juyawa tare, ko suna da kamu ko babu. In tayoyin hagu suna santsi, na dama ba ruwansu, za su ci gaba da ja. Idan ka jawo sanda ɗaya baya, ka cire wannan ɓangaren daga injin ne tukuna kafin birki ya kama shi, don haka injin ba ya kokawa da birkinsa.

A lakar fadama, inda taku ɗaya ƙasa mai tauri ce, na gaba kuma yauƙi, wannan babbar riba ce ga Max. Nan dai ta ɗara Argo, ba tantama.

Amma T-20 tana da nata aibin. Gaba, baya da furi ne kawai take da su, babu ƙaramar giya. Argo tana da babbar giya da ƙarama, kuma ƙaramar tana da amfani idan za ka hau gangare da kaya ko ka ja tirela a hankali ba tare da ka ƙona bel ba. Haka nan T-20 takan yi taurin shiga idan za a sauya daga gaba zuwa baya, kuma tana son a riƙa daidaita ta da sauya mata mai a kan kari. Adalci kuma ya sa mu faɗa maka cewa Argo ta ƙera wata sabuwar giya mai suna Admiral, wadda ke barin ƙarfi a ɓangarorin biyu ko ana shan kwana. Duk mai sayen Argo ya kamata ya tambayi wace giya ce a ciki, domin sunan da ke jikin motar ba zai gaya masa ba.

Injin gaba da injin baya

Bambanci na biyu shi ne inda aka ajiye nauyi. Injin Argo Frontier yana gaba, direba yana bayansa, can baya kuma akwai fili na kaya ko ƙarin mutum biyu. Max IV injinta yana baya, kujeru layi biyu suna gabansa.

Yi tunanin gangarawa daga gaɓa mai tsayi zuwa cikin ruwa. Hancin mota ne ke fara shiga. Idan nauyin yana gaba, hancin zai fi lumewa kafin ruwa ya ɗago shi, kuma a lokacin ne ruwa kan kwararo ciki. Argo tana buƙatar a shiga da ita a hankali, a wurin da gaɓa ta kwanta, sannan a sa kaya a baya don su daidaita nauyin injin. Max IV da direba shi kaɗai hancinta yana sama, abin da ke taimaka mata wajen shiga ruwa da hawa gaɓa. Idan aka cika ta da manya huɗu, labari ya sauya, domin duk gangar jikin ta sauka.

Ta fuskar kaya kuwa Argo ce a gaba. Ma'aikacin lafiya zai iya ɗora akwatin sanyi na allurar rigakafi da jarkar ruwa a bayanta. Malamin gona zai iya ɗora iri da 'yan buhunan taki. A Max IV injin ya cinye wurin, sai dai ka ɗora kayan a kujerar baya, ka hana mutum biyu zama.

Sai maganar zafi. Injinan nan iska ke sanyaya su, kuma suna zaune ne a cikin baho. A Kanada wannan ba abin damuwa ba ne sosai. A Sakkwato kuwa ma'aunin zafi yana wuce 40 a watannin Afrilu da Mayu. Tafiya a hankali cikin laka, injin yana nishi, babu iskar gudu da za ta hura shi, hanya ce ta gajarta masa kwana. A Argo, mazaunin gaba zai riƙa jin hucin injin a ƙafafunsa. Max da injinta ke baya ta ɗan fi sauƙi ga fasinja, amma ita ma ba ta tsira daga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska ba.

Akwai kuma wurin da su biyun suke faɗuwa tare. Tsakanin cikinsu da ƙasa bai wuce santimita 20 zuwa 25 ba. Idan lakar ta yi zurfi, ko aka hau kan kunya ko shingen fangalin shinkafa, cikin motar sai ya zauna daram, tayoyi shida su riƙa juyawa a banza. A daji akan ɗaura igiyar ja a jikin bishiya a fito. A tsakiyar fadamar shinkafa, ina bishiyar? Sai dai a nemo majiya ƙarfi ko shanun huɗa. Mai gonar ma ba zai yi maka murna ba, domin mota mai juyawa da jan taya tana kwashe ƙasa duk inda ta murɗa.

Ruwan tafki daban, gulbi daban

Yanzu mu zo kan abin da ya sa mutane ke sha'awarsu. A ruwa, babu farfela. Tayoyin ne ke tuƙi, zanen jikinsu yana cakumar ruwa yana turawa baya. Wannan hanya ce mai ɓarnar ƙarfi, domin yayin da ƙasan taya ke tura ruwa baya, samanta da ya lume yana tura shi gaba, suna warware aikin juna. Sakamakon shi ne gudun da bai wuce na mai tafiya da ƙafa ba, wajen kilomita 5 a awa. Idan zanen taya ya cinye, ko hakan ba za a samu ba. Babu wadda ta yi wa 'yar'uwarta nisa a nan.

Kilomita 5 a awa daidai yake da kusan mita 1.4 a daƙiƙa. Mu ɗauki misali. A ce faɗin ruwan da za ka haye mita 200 ne. Idan kwance yake, cikin minti biyu da rabi ka kai. Idan kuma yana gudu da mita 1.4 a daƙiƙa, kafin ka kai tsallake ya ja ka ƙasa da mita 200, wato ba inda ka nufa za ka fita ba, kuma mai yiwuwa gaɓar da ka tarar ba ta hawuwa. Idan gudunsa ya kai mita 2 a daƙiƙa, abin da ba baƙo ba ne ga kogin da ya yi ambaliya, ko ka juya hancinta ka fuskanci ruwan ka taka mai iya ƙarfinka, baya za ka riƙa yi. Ka tuna Madatsar Goronyo an gina ta ne don ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Idan ta cika aka buɗe ƙofofi, gulbin da ke ƙasa da ita ba tafkin da ka gani a bidiyo ba ne.

Masu ƙera motocin da kansu ba su ɓoye wannan ba. Littattafan da suke bayarwa tare da su suna gargaɗin a guji ruwa mai gudu ko mai igiya, kuma kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa. Argo Frontier mai taya shida, wadda ke ɗaukar mutum huɗu a tudu, mutum biyu kawai aka amince ta ɗauka a ruwa, kuma nauyin kayan da aka yarje mata yana raguwa daga wajen kilo 300 zuwa wajen 200. Ma'ana, direba da buhu biyu masu kilo 50, ka kusa ƙure ta. Max IV tana da kujeru huɗu, amma dokar robar wanki da duwatsu ba ta ƙyale ta ba. Ana iya maƙala wa Argo ƙaramin injin jirgin ruwa a baya, zai ƙara mata gudu, sai dai nauyinsa zai ƙara cinye tazarar nan da muka ce ita ce ajiyar rai.

Yanzu kwatanta da kwalekwalen da ke ɗaukar mutane da buhunan albasa da awaki ranar kasuwa. Don ka haye da mutum 50 a Argo, fasinja ɗaya a kowane zuwa, sawu 50 za ka yi. Mu kuma mun san halinmu: motar da aka ce mutum huɗu, takwas za mu ɗura mata. A tudu sai dai taya ta fashe ko sarƙa ta tsinke. A gulbi kuwa, ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Bayan wata shida fa?

Mota ba ranar da aka ƙaddamar da ita ake auna ta ba. Ka tuna hudoji shida da sandunan tayoyi ke fitowa? Kowanne yana da boris da robar da ke tare ruwa. Ruwan damina a Rima ja ne, cike da yashi da laka. Yashi idan ya haɗu da giris ya zama magogi, yana cin roba, yana cin boris, daga nan ruwa ya fara yoyo cikin bahon. Sarƙoƙin suna ƙarƙashin dandamali, suna son mai da ɗauri akai-akai. Akwai kuma matosai a ƙasa na zubar da ruwa, in aka manta ba a mayar da su ba aka shiga tafki, shi ke nan. Tayoyin masu laushi ba sa shiri da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, kuma ba irin waɗanda za ka samu wajen mai faci na bakin hanya ba ne.

Wani ɓangare na wannan ba zai gagari makanikanmu ba. Wanda ke gyaran janareta da injin ban-ruwa a Wurno ko Achida zai gane kan injin. Sarƙa da boris ana iya nemo makamantansu a Sakkwato ko Kano. Amma bel, tayoyi da kayan cikin giya sai an yi odarsu daga ƙetare, da dala.

A nan ne tarihin kamfanonin yake shigowa. Argo tana hannun kamfani ɗaya da bai daina ƙera ta ba tun 1967, yana da dillalai a ƙasashe da dama. Max kuwa ta sauya hannu a 2013, aka sayar wa wani kamfani mai suna Mudd-Ox, ƙera ta ta tsaya na wasu shekaru, kafin wani sabon kamfani a jihar Fulorida ya farfaɗo da sunan. Ga mai mota a Amurka wannan ƙaramar matsala ce, zai nemo tsofaffin kaya a kusa. Ga asibitin karkara a gabashin Sakkwato, zai iya zama bambancin motar da ke aiki da wadda kaji ke kwana a ciki. Kowa ya ga taraktocin da aka raba da biki, yau suna kan duwatsu saboda ƙarfe ɗaya da aka rasa. Farashin kowace sabuwa daga cikin biyun yana farawa ne sama da dala 10,000, kafin kuɗin jirgi da na kwastan.

To, wace ce ta ci?

Idan tambayar ita ce wace ta fi iya laka, amsarmu Max IV ce. Giyarta ta fi dacewa da ƙasar da kamunta ke sauyawa daga taku zuwa taku, kuma injin baya ya fi mata kyau wajen shiga da fita ruwa.

Idan kuma tambayar ita ce wace za a saya wa cibiyar lafiya ko ofishin malaman gona, da za mu zaɓi Argo Frontier, musamman mai giyar Admiral in an samu. Tana da wurin kaya, tana da ƙaramar giya, tuƙinta ya fi sauƙin koyo, kuma an fi samun tabbacin kayan gyaranta nan da shekara biyar. Aikin da za ta yi da kyau ƙarami ne amma mai daraja: kai ma'aikacin lafiya da magani ƙauyen da laka da ruwa kwance suka zagaye, duba magudanan ruwa a aikin noman rani na Wurno ko na tsakiyar kwarin Rima, ko ɗauko marar lafiya guda ɗaya zuwa inda motar asibiti za ta iya isowa. Sai an haɗa ta da direba ɗaya tsayayye da aka horar, da kuɗin gyara da aka ware tun ranar farko.

Idan kuwa ana nufin a maye gurbin kwalekwalen kasuwa, ko a haye Gulbin Rima da shi yana tumbatsa, babu ɗaya daga cikinsu da ta dace, kuma duk wanda ya ce maka ta dace bai yi lissafin gudun ruwa ba. Kuɗin guda ɗaya zai sayi rigunan kariya masu yawan gaske, ya gyara jirage, ya sa musu injina. Abubuwan da hukumomi irin su NIWA ke yawan ambata a haɗurran jiragen ruwa a Najeriya su ne lodi fiye da ƙima, tsufan jirgi, tafiyar dare da rashin rigar kariya. Motar ƙetare ba ta maganin ko ɗaya daga ciki. Sarkin ruwa da ke da ikon cewa "jirgi ya cika, a jira na gaba", kuma a ji maganarsa, zai ceci rayukan da suka fi haka.

Saboda haka, mai karatu, idan wata rana ka ji ana shirin sayo irin waɗannan motoci da sunan agajin ambaliya a ƙaramar hukumarku, ka yi tambayoyi kafin a yi tafi. Mutum nawa littafinta ya ce ta ɗauka a ruwa? Wane ruwa za ta haye, kwance ko mai gudu, kuma wa ya auna gudunsa? Wace giya ce a cikinta? Idan bel ya tsinke a watan Agusta, a ina na sauyi yake, kuma kwana nawa zai yi kafin ya iso Kwargaba?